Ranar da Neda Ta Ara Mini Kunnuwanta

Shekara arba'in da biyu ina kiran yanyawa a kurmin da ke bayan ƙauyenmu, kuma ban taɓa sayen usur ɗin kanti ba. Da bayan hannuna nake kira. Ka jiƙa fatar da yawu, ka ɗora leɓe, ka tsotsa a hankali, sai ta ba da kukan ɓeran da aka danne. Yanyawa in ta ji wannan, ko cikinta a cike yake sai ta zo ta leƙa. Dila ma yana zuwa, sai dai shi mai wuyar sha'ani ne, sai ya zagaya ta bayanka ya sansana tukuna. Daga nan har bakin iyakar Turkiyya, in aka ce Stamat mai kira, ba wanda ke tambayar wane Stamat.

To, hunturu biyu a jere ban kira ko jela ɗaya ba.

Abokan farautata ba su taɓa rasa dalili ba. "Iska ce ta juya, Stamat," in ji Jeko, wanda tun muna samari muke shiga kurmi tare. Wata rana kuma ya ce, "Ɓeraye sun yi yawa bana, duk sun ƙoshi." Ni kuwa na karɓa hannu bibbiyu, don abin da nake son ji ke nan.

Wadda ba ta karɓa ba ita ce 'yata Dafina. Ma'aikaciyar jinya ce a birnin Burgas da ke bakin teku, kuma tun rasuwar mahaifiyarta Marula take bina da magana ɗaya: in rufe gidan in koma wurinta. Bara na zame a kan ƙanƙara a tsakar gida, na kwanta awa biyu kafin maƙwabciyata Baba Dona ta tsince ni, kuma tsohuwar nan ba ta iya riƙe magana ko ta minti ɗaya ba. Tun daga ranar Dafina ta sa ni gaba. A ƙarshen Nuwamba ta zo ran Asabar da 'yarta Neda, mai shekara shida, da akwatuna biyu babu komai a ciki. Ina ganin akwatunan na san da abin da ta zo.

Muna cin wake da yamma Dafina ta fara. Tate take ce mini, wato baba a yarenmu.

"Tate, kafin dusar ƙanƙara ta rufe hanya za mu tafi tare."

"A sauka lafiya," na ce. "Ki gaishe da teku."

"Ba wasa nake ba. Me ya rage maka a nan? Kaji bakwai da kyanwar da ba taka ba?"

"Kurmi ya rage mini. A benenku na hawa shida wa zan kira, mai gyaran lif?"

Neda ta ajiye cokali. Ita kuma Dyado take ce mini, wato kaka. "Dyado, ni fa na riga na kwashe kayan wasana daga ƙaramin ɗaki. Na manna maka hoton doki a bango. Kuma Mama ta ce kai za ka riƙa ɗauko ni daga makaranta, ba sai na jira a wurin mai gadi ba."

Na shafa kanta na ce hoton doki abu ne mai kyau. Amma raina ya riga ya ɓaci, kuma ni in raina ya ɓaci bakina yakan riga hankalina fita. Na bugi tebur na ce, "Ranar da na zauna a kurmin nan na kira, ba abin da ya amsa, ranar zan bi ki da ƙafata."

Dafina ta dube ni irin kallon da uwarta ke yi mini in na faɗa tarkon da na haƙa da kaina. "Matar Jeko ta ce hunturu biyu ke nan ba abin da ya amsa."

"Matar Jeko ta taɓa shiga kurmi?"

"To gobe. Daga asuba har a kaɗa ƙararrawar coci. In ta zo, ba zan sake ta da maganar ba, na rantse da kabarin Mama. In ba ta zo ba, ka cika akwatunan nan."

"Na yarda. Jeko ne shaida."

"Jeko? Wanda zai rantse ya ga damisa in dai don ya fitar da kai ne? A'a. Neda za ta bi ka. Ita ba ta iya ƙarya ba, ko ta alewa. Kuma bindiga tana nan a rataye, ba za ka fita da ita da 'yata ba."

Haka aka ƙulla. Na kwanta ina zagin bakina.

Da asuba na tashi Neda. Uwarta ta sa mata wata rigar sanyi ta leda mai launin lemo, wadda ko numfashi ka yi a ciki sai ta yi ƙara. Na ce a cire. Na ɗauko tsohuwar rigar ulu ta Marula na naɗe mata hannuwan sau uku, na ɗaure ƙugun da igiya. Dafina ta ce na mai da mata 'ya buhun dankali. Na ce buhun dankali ba ya korar yanyawa. Na cusa banitsa, gurasarmu mai cuku, guda biyu a aljihu, na cika tsohuwar safa da tokar murhu, muka fita.

An yi yayyafi jiya, ganyen da ya zube ya jiƙe, ƙafa ba ta ƙara. Wannan na gode wa Allah a kai. Muna hawa ina koya mata: ta taka inda na taka, kada ta taɓa reshe, in tari ya zo ta tura baki cikin ulu. Ta yi tambaya wajen ashirin kafin mu wuce gonar inabin ƙarshe. Yanyawa tana da suna? Tana cizo? In ta zo za mu ba ta banitsa? Da muka shiga bishiyoyi na ɗora yatsa a baki, ta yi shiru, kuma gaskiya ta ba ni mamaki.

Kira a kurmi ba kamar kira a fili ba ne. A fili kana hango dabba tun daga nesa, kana da lokacin gyara zama. A kurmi kuwa sai dai ka ɗaga ido ka gan ta taku goma a gabanka, ko ta zo ta tafi ba ka ma sani ba. Shi ya sa zama shi ne rabin aikin. Na girgiza safar, toka ta bi iska ta gangara wajen rafi. Na zaɓi wata babbar bishiya na jingina bayana, na zaunar da Neda tsakanin gwiwoyina. Na raɗa mata, "In kin ga wani abu kada ki nuna, kada ki yi magana. Ki mintsine ni a gwiwar ɓangaren da yake."

Muka bar kurmin ya manta da mu na ɗan lokaci. Sannan na jiƙa bayan hannuna na kira.

Sai na ji bayanta yana rawa a jikin ƙirjina. Na ɗauka sanyi ne. Na sake kira, rawar ta ƙaru. Na leƙa fuskarta, ashe dariya take, ta cusa ulu a baki har hawaye na fita.

"Ke! Mene ne?"

Ta juyo ta sa bakinta a kunnena. "Dyado, mene ne wannan?"

"Ɓera ne mana."

"Wannan ba ɓera ba ne. Baba Dona ce in tana sumbatar mutum a kumatu."

Da babba ne ya faɗa mini haka da mun raba hanya a ranar. Na ce mata cikin fushi tun uwarta ba ta zo duniya ba nake wannan kiran. Ta ce to, amma ita jiya da yamma ta ga kyanwar Baba Dona ta kama ɓera a rumbun itace, kuma kukansa siriri ne, siriri sosai. "Kamar na tsuntsayen nan," ta ce.

"Waɗanne tsuntsaye?"

Ta dube ni ta ga ko wasa nake. Ta ɗaga haɓa sama. Na bi da ido. A kan reshen da ke bisa kanmu akwai ƙananan tsuntsaye wajen shida, masu baƙin kai, suna tsalle. Ina ganin bakunansu suna buɗewa suna rufewa. Ban ji komai ba.

Na daɗe ina kallonsu. Shekara uku ko huɗu ke nan ina gaya wa duk wanda ya zauna kusa da ni a shagon ƙauye cewa tsuntsaye sun ƙare a kurmin nan, maganin feshi ya kashe su, har gyare ma ya daina kuka da rani. Mutane su gyaɗa kai su ce haka ne, Stamat. Ashe tsuntsaye suna nan, gyare yana nan. Harbin bindiga na shekara arba'in ne ya cinye mini saman kunne, ya bar mini ƙasan. Muryar mutum ina ji, ƙararrawa ina ji, amma duk abin da ya yi siriri ya wuce ni. Shi kuma kiran nawa, da na fara daina jinsa sai na riƙa sassauta leɓe kaɗan kaɗan don in ji kaina, har ya zama abin da ya ba yarinya dariya. Kuma Jeko yana zaune gefena hunturu biyu yana jin wannan abin kunya, yana ce mini iska ce.

Kunya ta rufe ni. Na ji tsufa ya hau ni gaba ɗaya a wurin, kuma na ji tsoro, ba zan ɓoye ba. Na dafa ƙasa zan miƙe.

"Tashi mu tafi. Uwarki ta ci."

Ta riƙe hannuna. "Ba a kaɗa ƙararrawa ba."

"Ko an kaɗa ko ba a kaɗa ba, Neda. Mai kiran da ba ya jin kiransa ya gama."

"Ni ai ina ji. Sake yi, amma ka matse bakin."

Ban san abin da ya sa na bi maganarta ba. Wataƙila don ta faɗe ta kamar yadda ake ce wa mutum ya ɗaure igiyar takalmi. Na koma na zauna na kira. Ta yamutsa fuska ta nuna sama da yatsa. Na ƙara matsewa. Ta sake nuna sama. Na matsar da leɓen zuwa inda fatar ta fi tauri, kusa da ƙashin yatsa, na tsotsa. Yanzu da ƙyar nake jin wani abu can nesa. Yatsan nan dai yana sama. Na ce a raina wannan yarinya so take leɓena ya tsage. Na matse har haƙoran da suka rage mini suka yi zafi, na ja iska, sai komai ya ɗauke. Ba na jin komai sai ɗan kaɗawar fata a leɓena.

Idanunta suka buɗe. Ta kama kunnena da hannu biyu ta raɗa da ƙarfi, "Shi ne! Dyado, shi ne ɓeran!"

Na maimaita sau biyar, ba don dabba ba, don leɓena ya riƙe wurin. Sau biyu na zame, ta ɗaga yatsa, na koma. Amma wannan mazaunin ya riga ya lalace da dariya da surutu, ko yanyawar da ta fi kowa wauta ba za ta zo ba. Rana ta fara taɓa kan bishiyoyi. Na ba ta banitsa ɗaya ta ci muna tafiya, muka tsallaka rafi, muka hau ɗaya gefen, inda wata tsohuwar bishiya ta faɗi ta bar ɗan fili kamar faɗin tsakar gida. Toka ta nuna iska na zuwa daga gabanmu. Muka zauna kamar ɗazu.

Na kira sau uku gajeru, na yi shiru. Na ƙirga ɗari a raina, na sake. Baƙon abu ne mutum ya yi aikin da ba ya ji, kamar ka sa hannu a takarda cikin duhu. Abin da nake da shi kawai shi ne ƙeyar yarinyar nan: in kiran ya yi daidai ba ta motsi, in ya kauce sai ɗan yatsa ya ɗago a kan cinyarta.

Na zuba ido hagu, wajen gangaren, don a lissafina ta nan za ta ɓullo. Minti goma, sha biyar. Ƙafata ta dama ta mutu. Can na ji jikin Neda ya sandare. Na jira mintsini, bai zo ba. Na ce ko tsuntsu ne ta gani. Na ci gaba da kallon hagu, ina jin zuciyarta na bugawa ta cikin ulun. Aka daɗe haka, har na fara tunanin sake kira.

Sai ta mintsine ni a gwiwar dama, da ƙarfi.

Ban juya kai ba, ido kawai na kai. Ga yanyawa tsaye a kan gungumen da ya faɗi, taku goma sha biyu daga inda muke. Ja ce sosai, gashin hunturu ya gama fitowa, ƙirjin fari, ƙafa ɗaya a ɗage. Kunnuwanta biyu suna kanmu, tana karkata kai tana neman ɓeranta. Na ga yanyawa ta fi ɗari uku a rayuwata, yawancinsu ta kan bakin bindiga, amma ban taɓa jin daɗin ganin wata kamar wannan ba. Na ɗaga hannu a hankali na ba ta ɗan kira ɗaya, wanda ban ji ba. Ta diro daga gungumen ta ƙara taku uku. Daga nan iska ta ɗan juya, hancinta ya gaya mata gaskiya, ta yi tsalle ɗaya ta shige.

Na saki dariya har da buga ƙasa. "Kin gani? Kin ga yadda ta diro? A kai wa matar Jeko labari!"

Neda ba ta juyo ba. Na leƙa. Fuskarta sharkaf da hawaye, ta cije hannun rigar, don na ce kada ta yi ƙara kuma ba ta yi ba. Na ɗauka tsoro ne.

"Ai ta tafi, ba ta cizo."

Ta girgiza kafaɗa. Da ƙyar ta ce, "Tun tana can bayan ƙaya na gan ta. Kai kana kallon wani wajen."

"To me ya sa ba ki mintsine ni ba?"

"Na tuna in ka gan ta ba za ka zo gidanmu ba. Na ce bari in yi shiru ta tafi. Ba ƙarya ba ce in na yi shiru, ko?"

Ni tun da leɓena ya kama kiran na manta da Burgas, na manta da ƙaramin ɗaki, na manta wace ce ke zaune tsakanin gwiwoyina tana gyara mini abin da zai raba ta da ni. Ita ba ta manta ba.

"Me ya sa kika fasa?" na tambaye ta.

Ta share hanci da ulun kakarta. "Ai kai ka kira ta. Ta zo, kuma ba ka sani ba."

A daidai nan ƙararrawar coci ta taso daga ƙasa. Na ɗauke ta na goya a wuya, duk da ciwon gwiwata, muka gangaro.

Dafina tana bakin ƙofa da kofin gahawa, ta yafa tsohon kwat ɗina. Ta dubi fuskata, ta dubi ta 'yarta.

"To?"

"Ta zo," in ji Neda. "Ja ce. Har ta matso." Ta zame daga wuyana ta shige ciki da takalmanta.

Dafina ta daɗe tana kallon kofin. Sannan ta ce, "Shi ke nan, tate. Na rantse, ba zan sake ba. Amma ka bari in sa a zuba maka yashi a tsakar gida kafin mu tafi."

'Yata ke nan. Ta sha kaye, kuma abin da ya fara zuwa mata shi ne kada in zame. Na tsaya ina dubanta, ina tuna Jeko da iskarsa ta ƙarya, ina tuna tsohuwa Dona da ta ja ni a kan ƙanƙara da hannuwanta masu ciwo. Shekaru ina taƙama ni kaɗai nake riƙe da kaina a ƙauyen nan, ashe mutane ne ke ta riƙe ni ta ko'ina ban ko ce na gode ba.

"Ki ba ni zuwa Laraba," na ce. "Sai na kai kajin wurin Dona, na zubar da ruwan bututu kada ya fashe. Kuma akwai magana tsakanina da Jeko, da kwalbar giya a tsakiya."

"Laraba ta me?"

"Ta tafiya mana. In dusar ƙanƙara ta narke ku dawo da ni, in shuka tumatir ɗina."

"Tate, ai kai ka ci. Kuma hunturu ne lokacin kiranka."

"Na san lokacin kirana, ba sai kin koya mini ba."

Ta juya mini baya tana gyara kwat ɗin da ba abin da ya same shi. "Je ka gaya mata da kanka," ta ce.

Na sami Neda zaune a bayan murhu, fuska a bango, laka na ɗiga daga takalmanta. Na durƙusa da ƙyar na gaya mata. Ba ta juyo nan da nan ba. Na ga kumatunta na motsi, ta faɗi wani abu a hankali cikin 'yar siririyar muryarta, bai iso ni ba. Da jiya ne da na gyaɗa kai na yi kamar na ji, yadda na saba yi wa kowa.

"Ɗaga murya, jikalle," na ce. "Kakanki ba ya ji."

Ta juyo ta kama wuyana, ta sa baki a kunnena ta kwarara ihu har Dafina ta jiyo daga waje: "Na ce kada ka makara! Ƙarfe huɗu ake tashinmu!"

Na ce na ji. Kuma na gode mata, da babbar murya, yadda ni ma zan ji.